Yadda Za Ka Aika wa Inna Kuɗi Ba Tare da Ka Biya Kuɗin Aikawa Ba

Idan kana aiki a wata ƙasa, mahaifiyarka tana wata, kuma duk sanda ka je aika mata kuɗi sai an yanki wani abu kafin su tsallaka iyaka, to ka gyara zama. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya ba tsallake, kuɗinka za su isa gida ba tare da masu shagon aika kuɗi sun ci ko sisi a ciki ba. Tabbas ne. Da kaina na gwada.

Ni mai ɗinkin kujeru ne. Shekara shida ke nan ina wani shago a bayan kasuwar katako, ina yanka soso, ina jan yadi, ina buga ƙusa. Mahaifiyata, Inna, tana can gida tare da ƙanwata Auta, tafiyar kwana uku a mota. Yanar ido ta rufe wa Inna ido biyu, inuwa kawai take gani. Wata rana Auta ta kira ta ce likitan ido zai zo asibitin garinmu nan da mako biyar, sau ɗaya yake zuwa a wata huɗu, ido ɗaya yake yi wa mutum a zuwa guda, kuma sai an biya kafin ranar. Kuɗin aikin, in an juya su zuwa kuɗin nan, ɗari shida ne. Ina da ɗari shida da hamsin a gwangwanin madara.

Wanda bai waye ba, a ranar zai aika ya huta. Kai ba haka za ka yi ba.

Mataki na 1: Ka je taga ka ɗebo haushi

Ka yi wanka, ka sa rigarka mai kyau, ka tafi shagon aika kuɗi mafi kusa. Ka bi layi kamar kowa. Idan ka iso gaban tagar gilashi, za ka tarar da wata mata da tabarau a goshi, ta gaji tun safe.

"Nawa za ka aika?"

"Ɗari shida."

Za ta danna na'ura. "Kuɗin aikawa arba'in da takwas."

"Na me?"

"Na aikawa, Malam."

"Ke za ki kai mata da ƙafarki?"

"A'a. Minti goma sun isa."

A nan ne za ka juyo ka dubi mutanen layi, ka sanar da su cewa kai sai ka yi kwana biyu da rabi a tsugune gaban kujerar wani kafin ka sami arba'in da takwas. Su ma sun sani. Matar za ta ce ba ita ta sa farashin ba, ita ma albashi take ɗauka, kuma akwai mutane a bayanka.

Ka mayar da kuɗinka aljihu a hankali yadda kowa zai gani, ka fita. Kada ka yi ƙoƙarin buga ƙofar. Irin mai komawa da kanta ce sannu a hankali, za ta ba ka kunya.

Mataki na 2: Ka zaga gari

Washegari ka roƙi maigidanka ya ba ka rabin yini. Yini guda zai zama, amma rabi za ka ce.

Ni shago bakwai na shiga. Ɗaya ya ce arba'in kawai zai karɓa, sai dai farashin canjinsa ya zaftare goma sha biyar ta ƙasa. Wani ya ce aikawar farko kyauta ce, in kawo takardar hayar ɗaki mai sunana. Ɗakinmu mu huɗu ne a ciki, kuma wanda sunansa ke kan takardar ya koma ƙasarsu tun kafin in zo. Na bakwai ya ce arba'in da bakwai. Na tsaya na yi tunani sosai a kan wannan, sannan na tuna ni ba ragi na fito nema ba.

Za ka dawo da yamma ƙafa ta yi tsami, kuɗin yini ya tafi, kuɗin mota ya tafi. Kada ka sa su a lissafi. Kuɗin mota sunansa kuɗin mota. Duk nasarar wannan hanya tana ga sanin sunan kowane kuɗi.

Mataki na 3: Ka nemi masani

Kowane ɗakin haya yana da masanin tattalin arziki. Namu Manaja ake ce masa. Wankin mota yake yi, amma ya taɓa share wani banki na tsawon wata huɗu, kuma ya ce ya ji abubuwa. Shekararsa tara a ƙasar nan bai taɓa asarar ko sisi wajen aika kuɗi gida ba, domin bai taɓa aikawa ba. Irin wannan tarihi ba a raina shi.

Ka saya masa shayi da burodi, ka kwashe labari ka gaya masa. Zai lumshe ido.

"Kuɗin ƙasarku faɗuwa suke yi ko tashi?"

"Faɗuwa. Tun da na zo."

"To me kake ci na gaggawa? Jira kwana goma. Ɗari biyar da hamsin ma za su biya aikin."

Ka jira. Kullum da safe ka duba farashin canji a waya kafin ka wanke fuska. A rana ta goma kuɗin ƙasarku za su tashi, karo na farko a shekara shida, ɗari shida ta koma ɗari shida da ashirin. Na nuna wa Manaja wayar. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce wannan abu ba a taɓa ganinsa ba, in gode wa Allah da ya faru a zamanina.

Mataki na 4: Ka iya amsa waya

A tsakanin nan ƙanwarka za ta riƙa kira. Ka tanadi kalmomi uku: ana kan hanya.

"Yaya, an fara rubuta sunaye."

"Ana kan hanya."

"Wace hanya?"

"Auta, harkar kuɗi tsakanin ƙasa da ƙasa ba kamar sayen zare ba ce. Akwai abubuwan da ba za ki gane ba."

"To. Jiya Inna ta tsoma hannu a ruwan zafi, ta ɗauka bokitin na sanyi ne. Na shafa mata magani. Ta ce kada in gaya maka."

Idan ta faɗi irin wannan, ka ce layi ba kyau, ka kashe. Ka koma bakin aiki. Za ka ga ka buga ƙusa ashirin a inda shida ake buƙata, maigida yana tsaye a kanka yana tambayar ko kujerar guduwa za ta yi. Ka ce masa ƙarko kake nema.

Mataki na 5: Ka sami mai tafiya gida

Ga zuciyar darasin. Me zai sa ka biya na'ura alhali akwai ɗan'adam mai ƙafa biyu da zai bi ta ƙofar gidanku?

Manaja ya haɗa ni da wani mai safarar takalma da ake kira Gobe-Gobe. Ban tambayi dalilin sunan ba. Kai ma kada ka tambaya. Na same shi a tasha zaune kan buhu yana yanke farce, na ce ina da ɗan saƙo zuwa ga tsohuwa, nawa zan ba shi.

"Haba ɗan'uwa. In karɓi kuɗi don na kai wa uwa saƙo? Uwarka ai uwata ce."

Ka ji ko? Kyauta. Abin da ya rage ɗan ihsani ne kawai. Za ka saya masa turare, don ba a barin mutum haka. Za ka biya kuɗin motar buhu ɗaya cikin buhunansa, tunda saƙonka a ciki zai kwana. Ranar lodi kuma za ka zo ka kama masa, wani rabin yinin ke nan.

Sannan akwai tsaraba. Na'ura ba ta da ido, in ta kai kuɗi tsura ba mai cewa komai. Amma mutum ba ya shiga gidanku hannu rabbana a ce daga wurinka yake. Na sayi zane na Inna, mayafi na Auta, takalma na 'ya'yanta biyu. Na rubuta sunan kowa a takarda na liƙa da salatif. Idan zuciyarka ta fara raɗa maka cewa tsarabar nan ta haura arba'in da takwas, ka tuna mata Mataki na 2. Tsaraba sunanta tsaraba.

Abu ɗaya: kada Gobe-Gobe ya san akwai kuɗi. Manaja ya ce kowane mutum amintacce ne matuƙar bai san abin da ya ɗauko ba. Kuma a kan iyaka ana laluben aljihu.

Mataki na 6: Ka yi amfani da sana'arka

Kowa da baiwarsa. Ni filo na ɗinka.

Akwai ragowar yadi mai laushi, ja mai duhu, daga kujerun wani mai kuɗi. Na yanki soso mai kauri, na tsaga cikinsa, na naɗe ɗari shida da ashirin a leda na cusa. Don kada su riƙa yawo a ciki, na ɗauki basilla na bi ta tsakiya na ɗinke sau biyu. Idan ka ji basilla ta yi tauri a tsakiya, ka danna da ƙarfi. Aiki mai kyau ke nan. Na sa maɓalli a kan ɗinkin, na yi masa geza a gefe. Maigida ya ɗaga shi ya jujjuya, ya ce shekara shida bai ga na yi aiki da zuciya ɗaya irin wannan ba.

Kada ka liƙa wa filon suna, suna yana jawo ido. Kada kuma ka gaya wa Auta abin da ke ciki sai ya isa. Za ta dame ka da tambayoyi marasa amfani, irin su "In ya ɓata fa?"

Mataki na 7: Ka yi haƙuri da hanya, ka yi haƙuri da manya

Gobe-Gobe ya ce gobe da safe zai tashi. Ya faɗi haka kwana shida a jere, kuma kullum da gaske yake. Da ya tashi, tafiyar kwana uku ta ci tara, saboda ya ratse garin surukansa, wayarsa kuma ta mutu a can. A kwanakin nan za ka gano cewa mutum yana iya rayuwa ba ya jin ɗanɗanon abinci. Ba illa.

Ya isa gidanmu saura kwana huɗu a rufe biya. Auta ba ta nan, ta kai ɗinkin kayan makaranta. Wanda ya tarbe shi Baffa ne, ƙanin mahaifinmu marigayi, wanda ke zaune a sashen gaba na gidan, yana da shagon bokitai da igiya da kwaɗo a bakin titi. A gabansa aka kwance kaya. Zane da suna, mayafi da suna, takalma da suna. Baffa ya duba, ya sake dubawa, bai ga nasa ba. Sai ga filo ba suna.

Inna ta shafa shi da hannunta mai lafiya ta ce, "Ai wannan naka ne, Malam. Yaron nan ba zai manta da kai ba."

Da rana wayata ta yi ƙara sau ɗaya ta katse, alamar in kira. Na kira.

"Ɗana, Allah Ya yi maka albarka. Shekara shida ko hankici ban gani daga wurinka ba, har na fara cewa ka yar da ni. Ashe kana sane da ciwon bayan nan nawa. Yanzu haka a kansa nake zaune."

"A kansa, Baffa?"

"A kansa. Kamar an auna ni."

Ya yi minti goma sha ɗaya yana sa mini albarka da katin wayata. Ka amsa da amin duk inda ya tsaya.

Za ka ce me ya hana in gaya masa gaskiya. Shekara biyu da suka wuce na aika kuɗin gyaran rufin ɗakin Inna ta hannunsa. An gyara rabin rufin, babur ɗinsa kuma ya sami sababbin tayoyi gaba da baya. Ya ce rance ne. Masu taga takwas suke cirewa cikin ɗari, kuma suna ba da rasit. Baffa ba ya ba da rasit.

Mataki na 8: Ka miƙa wa ƙanwarka ragamar aiki

Shugaba nagari ba ya riƙe komai shi kaɗai. Ka kira Auta ka yi mata bayani a taƙaice.



"Maimaita," ta ce.

Na maimaita.

"Kuɗin idon Inna suna ƙarƙashin Baffa."

"Suna nan lafiya, ba wanda ya taɓa su. Ta wani fannin ma babu inda ya fi nan tsaro."

"Nawa ne kuɗin aikawar da ka guje wa?"

"Arba'in da takwas."

"Yaya," ta ce. 

Ta yi iya ƙoƙarinta. Rana ta farko ta ce wa Baffa ya kawo ta wanke masa rigar filon, ya ce ba a wanke sabon abu. Rana ta biyu ta kai masa wani filon, babba, ta ce su yi musaya, ya ce kyautar ɗa ba a musanya ta. Da safe yana rungume da shi zuwa shago, da yamma ya kulle shi a ɗakinsa da kwaɗon da ya fi kowanne tsada, irin wanda shi kansa ba ya sayarwa. Rana ta uku ta zauna a shagon tana taya shi hira har la'asar ko zai tashi ya zaga. Ya tashi sau biyu, da filon a hammata.

Rana ta huɗu ina cikin jan yadi a bayan wata doguwar kujera saƙo ya shigo. "An biya. Na sayar da keke da 'yan kunnena. Kada ka kira ni yau."

Keken ɗinkin nan shi ke ciyar da ita da yara biyu tun da mijinta ya rasu. Maƙwabciya ta saya, a farashin wanda ya san kana cikin matsi.

Ka bi umarni, kada ka kira. Ka shiga bayan shago inda ake tara guntayen soso, ka zauna kaɗan. Idan abokin aiki ya leƙo ya tambaya, ka ce ƙurar soso ce ta shiga maka ido. A sana'armu ana yarda da wannan.

Mataki na 9: Ka karɓi nasararka

An yi wa Inna aiki a idon dama, an rufe da bandeji, an ce sai bayan kwanaki.

Filon kuwa matar Baffa ce ta kawo ƙarshensa. Auta ta gaya mata rabin gaskiya, ita kuma ta yi tuntuɓe da kofin shayi daidai inda ya kamata. Tukuicinta zane irin na Inna, yana kaina har yanzu. Baffa ya miƙa filon a wanke yana faɗa, Auta ta shige ɗaki da reza.

Ga abin da za ka koya game da takardar kuɗi: ba ta son kwana tara a ƙarƙashin dattijo mai jiki, ba ta son shayi, ba ta son basilla. Ɗan canjin kasuwa ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana hango rana ta cikin huji.

"Hajiya, wa ya ɗinke kuɗi?"

"Yayana. Sana'arsa ce."

Ya ware waɗanda hujin ya bi ta kan lamba ya ce rabin farashi zai saya, sauran kuma ya rage musu don sun yi laushi. Shi ma ba ya ba da rasit. Maƙwabciya ta ce za ta mayar da keke, amma ta sa masa mai, ta canza allura, kuma ta fara sabawa da shi, don haka farashi ya ƙaru. 'Yan kunnen sun riga sun bar gari. Da aka haɗa komai, saura ɗari da talatin kafin keke ya dawo.

Ka karɓi rabin albashin wata mai zuwa a hannun maigida, ka tafi taga. Kada ka koma wurin mai tabarau, za ta gane ka. Ka shiga mota biyu zuwa wani shago a ƙarshen gari inda goma suke cirewa cikin ɗari. Ka biya ba musu. Minti goma kuɗin suka yi.

Kafin wani ya ce na karya alkawari: wannan kuɗin aikawar kuɗin keke ne. Kuɗin ido sun tsallaka iyaka kyauta, kuma ina da shaidu.

Baffa ya aiko a gaya mini filon ya rage tudu tun da aka wanke shi, in duba irin soson da nake sa wa mutane.

Mataki na 10: Ka tuna yanzu tana gani

Wannan matakin ban shirya masa ba, shi ya sa nake gargaɗinka.

Shekara uku ina kiran Inna ta bidiyo duk ranar hutu. Auta ta riƙe mata waya, ita kuma ta fuskanci inda murya ke fitowa. Ta tambaye ni ina nake, in ce ina falona. Ta ce ya kujerun, in ce sababbi ne, ni na ɗinka. Ba ƙarya nake nufi ba, hira ce, kuma tana jin daɗinta.

Ranar hutun da ta biyo bayan cire bandeji, da hantsi, waya ta yi ƙara na ɗauka yadda na saba, ina zaune inda na saba. Sai ga Inna ita ke riƙe da wayar da kanta, ido ɗaya a buɗe tar, yana ɗan ruwa.

"Matso da fuskarka."

Na matso.

Ta daɗe tana kallo. "Ka rame. Wannan furfura ce?"

"Hasken waya ne, Inna."

"Ja baya in ga falon."

"Layi ba kyau, Inna."

"Layi lafiya lau. Ja baya."

Na ja baya. Ta ga igiyar da muka ɗaura daga taga zuwa ƙofa da wandunan mutum huɗu a kai. Ta ga risho a kusurwa, da Manaja a tsugune ba riga yana cin shinkafa a murfin tukunya. Ya ɗaga mata cokali ya ce, "Sannu da jiki, Inna." Ta amsa masa da mutunci, har ta tambayi mutanen gidansu. Sannan ta dubi ƙasa, inda nake zaune.

"Mene ne wannan a ƙarƙashinka?"

Guntayen soso ne na shago, na haɗa da gam na rufe da zanen gado. Shekara shida a kansu nake kwana, kuma ba su da laifi in ka san inda za ka sa kafaɗa.

"Kai da kake ɗinka wa mutane kujeru," ta ce. Ta sa gefen mayafi ta goge idon, Auta daga gefe tana cewa likita ya hana taɓawa. "Saurara. Ɗayan idon a bar shi. Wannan ya ishe ni, na ga abin da zan gani. Kada ka sake aiko da ko sisi sai ka sayi gado. Ka ji ni?"

"Na ji, Inna."

"Ka ce wallahi."

Na ce layi ba kyau. Wannan karon na kashe da gaske.

Likita zai dawo nan da wata uku. Na sayi sabon gwangwani. Na tura wa Auta saƙo cewa idon hagu yana kaina, kada Inna ta sani, kuma ta taga zan aiko. Bayan kwana biyu ta ba ni amsa: "Ka turo hoton rasit."

Sanarwa

Marubucin wannan darasi ba ma'aikacin banki ba ne, ba ɗan canji ba ne, kuma ba ya karɓar ƙorafi a wurin aiki, maigida ba ya son baƙi. Duk wanda ya bi matakan nan ya bi ne da ƙafarsa da hankalinsa. Abin da ya same shi a hannun direba, jami'in kan iyaka, dangi na kusa ko na nesa, ba ruwana, ban san shi ba, ban taɓa ganinsa ba. Idan ƙanwarka ta koma gaishe ka da kalma ɗaya ta miƙa wa wani waya, ku sasanta a tsakaninku. Idan kuma mahaifiyarka ta dube ka ta ce ka rame, kada ka rubuto mini neman mataki na gaba. Ban san shi ba.